Baƙin Nasara a Birnin Dabo: Wanda Ya Ɓoye da Wanda Ya Bayyana

A watan Janairun 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton ya shigo birni sanye da kakinsa. Abdullahi ake kiransa a hanya, amma bai ɓoye wa kowa cewa shi Kirista ne ba. Cikin abubuwan da suka burge shi a Kasuwar Kurmi har da yadda Kanawa suka toshe ƙofar algus. Ya rubuta cewa duk riga ko turkudin da aka sayar, akwai sunan dillali a cikin ƙunshin. Ko da sai an kai kayan Borno aka kwance aka tarar ba su da kyau, maido su ake yi, dillali ya nemo mai kaya, mai kaya ya mayar da kuɗi. Wato a Kano wanda aka cuta yana da inda zai kai kuka, muddin an san ko shi wane ne.

Wannan sharaɗin ne ya bayyana ƙarara a tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman, ya sauka a unguwar Dala da sunan Abdulkarim. Ya zo da zaton hajar da ya turo gaba za ta riƙe shi, sai ya tarar ba ta da daraja a kasuwa. Ga masu bin bashi, ga zazzaɓi, ga wakilinsa Bawu wanda ya gane ba abin dogaro ba ne. Barth bai rama da dabara ba. Ya haƙura, ya kai gaisuwa fada a matsayinsa na Kirista da kowa ya sani, ya daidaita al'amuransa, ya kama hanyar Kukawa a watan Maris.

Bayan shekara biyu, a hanyar Timbuktu, tsoro ya sa ya sauya salo. Ya shiga rigar Balarabe, ya ce shi sharifi ne mai kai wa Shehu Ahmad al-Bakka'i littattafai. Wani abokin tafiyarsa da ake kira Walati ya san sirrin, shi ke nan ya samu saniyar tatsa. Ya yi ta cin dukiyar Barth da ƙarairayi iri-iri, shi kuwa Barth ba bakin magana, domin ranar da ya tona Walati, ranar Walati zai tona shi. Abin lura shi ne, da ya isa Timbuktu a Satumban 1853, malamin da ya tsaya masa ya kare ransa, al-Bakka'i, ya yi haka ne yana sane da addininsa. Linjila ta hori mabiyanta su tsaya kan magana ɗaya, kada kuma su saka cuta da cuta. Labarin Barth ya nuna wannan horo ba na cikin coci kaɗai ba ne: ƙaryar da ya fake da ita ce ta ɗaure masa hannu a gaban macuci.

Sai dai faɗin gaskiya da baki bai wadatar ba in baƙo ya yi biris da halin da masu gida ke ciki. A Afrilun 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci Turawan mishan su biyar, cikinsu har da Likita Walter Miller, suka shigo Kano. Ba su yi shigar burtu ba, sun faɗi abin da ya kawo su. Amma wata uku kacal ke nan da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, kuma shi kansa bai so su yi nisa haka ba. Ina Sarki Alu zai bambance mai wa'azi da ɗan leƙen asiri a irin wannan lokaci? Ya ba su kwana uku su bar masa gari. Sun fita ba gardama, wannan kam a yaba musu, suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Miller da kansa ya amince daga baya cewa tafiyar kuskure ce.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Kanar Morland suka fasa ganuwa suka ci birni. Da wuya a ga laifin Bakanon da ya haɗa zuwan 'yan mishan da na sojoji, ko da kuwa masu wa'azin ba su zo da bindiga ba. Zargin ya daɗe bai gushe ba, kuma da aka zo gina coci-coci a Kano, a Sabon Gari aka gina su, bayan ganuwa.