Rajistar da Muka Ƙi a 2014

'Yan uwa mazauna Rumuokoro da sauran unguwanninmu na Fatakwal, Anacha da Inugu.

Da yawanmu ba su manta watan Yunin 2014 ba, lokacin da sojoji suka tare matafiya 486 'yan Arewa a jihar Abiya, kan hanyarsu ta zuwa Fatakwal, bisa zargin Boko Haram. Ba a jima ba sai ga labarin cewa jihar Imo za ta yi wa 'yan Arewa rajista ta ba su katin shaida. Gwamna Rochas Okorocha ya musanta, Majalisar Dattawa ta yi tir, a watan Yuli kuma gwamnatin tarayya ta hana kowace jiha yin haka. Muka ce alhamdulillahi.

To amma fa rajistar ta riga ta shigo aljihunmu. Tun 2011 aka fara ɗaukar hoto da zanen yatsa kafin a ba ka layin waya. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 38, ta wajabta wa kamfanonin waya su adana bayanan kiran kowa har shekara 2: wa ka kira, yaushe, daga ina. A Disambar 2020 aka ce a haɗa layi da NIN. Mai sayar da albasa da ke kiran Aliero kullum, duk zirga-zirgarsa na rubuce.

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da hirarka ta waya. Asalin waɗannan haƙƙoƙi kuwa hukumar Willink ce ta 1958, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, har mutanen wannan yanki na Neja-Delta. Yau ga mu, mu ne tsiraru a garinsu, muna fakewa a inuwar da aka dasa dominsu. Sai dai sashe na 45 ya bar ƙofa: ana iya taƙaita haƙƙin saboda tsaro, muddin dokar ta dace da mulkin dimokuraɗiyya.

Wannan sharaɗin ne abin kamawa. A Afrilun 2014 kotun Tarayyar Turai ta soke dokar adana bayanan kowa da kowa, ta ce ta wuce gona da iri. A ganina sashe na 38 ma ya cancanci irin wannan gwaji, musamman bayan dokar kare bayanai ta 2023. Baƙo ake fara nema a rajista ranar da gari ya rikice, kuma manyanmu da suka ga 1966 da 1967 sun san haka.