Tarihin *Sacred Harp*: yadda wani tsohon littafin waƙoƙi ya ƙi mutuwa

A shekara ta 1844, a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, wasu malaman waƙa biyu, B. F. White da E. J. King, suka wallafa littafin waƙoƙin ibada na Kirista mai suna *The Sacred Harp*, wato «Garaya Mai Tsarki». Garayar da ake nufi ita ce muryar ɗan Adam, domin ba a haɗa waɗannan waƙoƙi da kiɗa ko kaɗan.

Abin da ya bambanta littafin shi ne salon rubutunsa. Tun a 1801 William Little da William Smith suka fitar da wata dabara ta sauƙaƙa karatun sauti ga manoma waɗanda ba su yi zurfin karatu ba: kowane sauti da siffarsa. *Fa* mai kusurwa uku ne, *sol* zagaye, *la* mai kusurwa huɗu, *mi* kuwa mai kusurwa huɗu ne da aka tsayar bisa tsininsa. Da ganin siffa, mawaƙi ya san sunan sauti. Malamai na bin ƙauyuka suna koyar da wannan cikin ƴan makwanni.

Sannu a hankali birane suka juya wa salon baya. Masana da suka sha koyarwar Turai suka ɗauke shi a matsayin ƙauyanci, majami'u kuma suka rungumi piyano. Ya saura a karkarar Jojiya, Alabama, Misisipi da Tekzas, inda iyalai suka ci gaba da taron waƙa na yini guda. Ana zama gefe huɗu ana fuskantar juna, murya huɗu, kowa ya shiga tsakiya bi da bi ya jagoranci waƙar da ya zaɓa. Da farko a rera sunayen sauti, sa'an nan baitoci. Da rana a ci abinci tare, a kuma ambaci sunayen mamata da marasa lafiya. Baƙaƙen fata na Alabama su ma suna da nasu littafi, wanda Judge Jackson ya fitar a 1934.

Masu bincike sun taimaka wajen farfaɗowa: George Pullen Jackson da littafinsa na 1933, Alan Lomax da muryoyin da ya ɗauka a 1942 da 1959, daga baya kuma fim ɗin *Cold Mountain* na 2003. Amma ainihin aikin mawaƙan ne suka yi shi da kansu. Sun sabunta littafin a 1911, 1936 da 1991, suna kuma zuwa koyar da baƙi ba tare da tambayar addininsu ba. Yau ana rera shi a Ingila, Ayalan, Jamus, Polan da Ostareliya.

Bugun 2025 ya ƙunshi waƙoƙi 590: an ƙara 113, an cire 77. Cirewa ba abu ne mai sauƙi ba, domin waƙar da aka daina rerawa tana iya zama wadda kakan wani yake ƙauna. Sai dai akwai ma'auni, tun da kowane taro yana rubuta waƙoƙin da aka rera, ana kuma buga rahoton kowace shekara. Haka nan ana ƙoƙarin barin tsofaffin waƙoƙi a shafinsu na da, saboda da lambar shafi ake kiran waƙa.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma sai an buɗe tulun. Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, darasin a fili yake: adana gado a ma'ajiya bai isa ba. Littafin ya rayu ne domin ana taruwa a kansa, ana koyar da shi, kuma masu shi sun yarda ƴaƴansu su ƙara nasu shafi.