Abin da ke Lanƙwasa Ɗan Tayi

A farkon shekarun 1940 aka kai wa masanin kayan tarihi Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu a Jos, wanda aka tono a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, inda Kafanchan take. Da ya haɗa shi da wanda aka tsinta a ƙauyen Nok a 1928, sai duniya ta san cewa sama da shekara 2,000 da suka wuce akwai gwanayen magina a kudancin Kaduna. Maginin yakan ɗora yumɓu zobe kan zobe, ya bar cikin fanko, ya huda ido da hanci da baki. Duk lanƙwasar da ke jikin kan nan, yatsa ne ya danna ta. To a cikin mahaifa, inda babu yatsa, me ke naɗe shimfiɗaɗɗen faifan ƙwayoyin halitta har ya zama lakar baya?

Wilhelm His, masanin jikin ɗan adam a Leipzig ta Jamus, ya amsa tun 1874 cewa ja ne da turi. Ya riƙa lanƙwasa tiyon roba yana nuna yadda siffarsa ke kama da ta ɗan tayin kaza. Masanin halittu Ernst Haeckel ya yi masa ba'a, kuma ko da wani masanin, D'Arcy Thompson, ya sake ɗago batun a 1917, hankalin masana na shirin komawa kan ƙwayoyin gado. A ganina His ya riga zamaninsa ne kawai: yana da gaskiya, ba shi da abin auna ta. Abin awon ya samu a 1981, lokacin da George Oster na Berkeley a Amurka da abokan aikinsa suka zana jerin ƙwayoyi a kwamfuta, suka sa saman kowace ƙwaya ya tsuke idan an ja shi. Ƙwaya ɗaya ta tsuke, ta ja maƙwabciyarta, ita ma ta tsuke, har faifan ya naɗe da kansa ya zama bututu.

Wani zai ce ai ƙwayoyin gado ne ke yanke komai. Gaskiya ne su ke ba da umarnin ƙera furotin, amma umarni ba ya motsa nama. Sai furotin irin su mayosin sun ja tukuna. Wani kuma zai ce zanen kwamfuta ba tsoka ba ne, kuma wannan suka tana da nauyi, domin na'ura takan nuna duk abin da aka ɗura mata. Shi ya sa masana suka koma kan ɗan tayin ƙudan 'ya'yan itace, suka yanka namansa da hasken leza: bakin yankan ya ja da baya nan take, shaidar cewa dama a ɗaure yake. Mai cewa halitta ikon Allah ce bai yi ƙarya ba, binciken sababi ne kurum ake yi.

Wannan tarihi ya shafi ɗaliban Kwalejin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan kai tsaye. Bututun lakar nan yana gama rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, kafin mace ta fara zuwa awo, sau da yawa ma kafin ta san tana da juna biyu. Idan bai rufe ba, a haifi jariri da ƙulli ko rauni a gadon baya. Gwajin da Birtaniya ta jagoranta ya tabbatar a 1991 cewa sinadarin folik asid yana rage aukuwar haka ƙwarai. Don haka ungozoma ta fara ba da shi tun mace na shirin ɗaukar ciki, kada ta jira ranar awon farko.