SpiNNaker

SpiNNaker babbar kwamfuta ce da aka ƙera a Jami'ar Manchester ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Steve Furber, domin ta kwaikwayi yadda ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo. A watan Nuwamban 2018 aka kunna ta da ƙananan injinan lissafi miliyan ɗaya ƙirar ARM. Maimakon tura bayanai a dunƙule, kowane inji yakan watsa gajerun saƙonni zuwa wurare da dama lokaci guda. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba ta daraja shi ne binciken lafiya: da ita masana suka kwaikwayi sashen ƙwaƙwalwa da ciwon Parkinson ke taɓawa, ciwon da ke haddasa karkarwar jiki. Tarayyar Turai ta tallafa wa aikin da kuɗi.