Tarihin Mulkin Karɓa-karɓa a Tsibiran Komoros

Komoros ƙasa ce ta tsibirai uku da ke tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska: Ngazidja, inda babban birni Moroni yake, sai Nzwani da Mwali. Kusan duk mutanenta Musulmi ne. Ta ayyana 'yancin kai daga Faransa ranar 6 ga Yuli, 1975, amma tsibiri na huɗu, Mayot, ya zaɓi ya ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa.

Ko wata guda shugaban farko, Ahmed Abdallah, bai cika ba aka kifar da shi. Daga nan ƙofar juyin mulki ta buɗe, har aka ƙirga sama da ashirin, waɗanda suka yi nasara da waɗanda suka ci tura. Sunan da ya fi fitowa a wancan zamani shi ne Bob Denard, sojan haya ɗan Faransa. Shi ya taimaka wa Ali Soilih ya kafu a 1975, shi ne kuma ya dawo ya tumɓuke shi a 1978 ya maido da Abdallah, wanda aka kashe a 1989.

A 1997 Nzwani da Mwali suka ce sun ɓalle, suna kukan cewa Moroni ta cinye komai. Kanar Azali Assoumani ya ƙwace mulki a 1999. Sulhun da aka ƙulla a garin Fomboni ya haifi tsarin mulkin 2001, wanda ya ba kowane tsibiri shugabansa da majalisarsa, ya kuma sa kujerar shugaban ƙasa ta riƙa zagayawa duk shekara huɗu. A Najeriya karɓa-karɓa fahimta ce tsakanin 'yan siyasa. A Komoros kuwa a rubuce take a kundi. Kafin 2018, tsibirin da layi ya zo kansa shi kaɗai ke zaɓen fidda gwani, sai a miƙa mutum uku da suka fi ƙuri'a ga dukan ƙasa ta zaɓi ɗaya.

Tsarin ya yi tsada ga ƙasar da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba, amma ya yi aiki. Azali na Ngazidja ya sauka a 2006, Ahmed Abdallah Sambi na Nzwani ya karɓa, sannan Ikililou Dhoinine na Mwali a 2011. A 2008 sai da dakarun Tarayyar Afirka suka shiga Nzwani kafin a kawar da shugaban tsibirin, Mohamed Bacar, wanda ya ƙi sauka. Gyaran 2009 ya mayar da shugabannin tsibirai gwamnoni, wa'adi ya koma shekara biyar.

Azali ya dawo ta akwatin zaɓe a 2016. Ƙuri'ar raba-gardama ta 2018, wadda 'yan adawa suka ƙaurace wa, ta halatta wa'adi biyu a jere, ta soke kujerun mataimakan shugaban ƙasa uku. Nzwani, da ke jiran layinta a 2021, ta tashi a tutar babu. Azali ya sake lashe zaɓe a 2019 da 2024, duka biyun 'yan adawa suna kukan maguɗi.