Yaƙin Lugu na 1899 da Yadda Aka Yi Ta Neman Tushensa

Babu wani al'amari a tarihin ƙasar Arewa, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Dogondutsi da Tibiri a jihar Doso, da ya ja hankalin masu bincike kamar artabun da aka yi a Lugu ranar 16 ga Afrilu 1899, tsakanin mutanen Sarauniya Mangu da rundunar Faransa ta Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Yadda aka yi ta bin diddigin wannan rana fiye da shekara ɗari ya isa darasi ga mai son sanin abin da malaman tarihi ke kira tushe na farko, wato shaidar da ta fito daga hannu ko bakin wanda ya ga abu da idonsa, ko ya rayu a lokacin da abin ya faru.

Marubutan farko sojojin mamaya ne, kuma ba Lugu ce damuwarsu ba. Abin da ya girgiza Faransa shi ne kisan Laftanar-Kanar Klobb, wanda aka turo ya karɓe rundunar bayan labarin ta'asarta ya isa Faris, Voulet kuwa ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli 1899 kusa da Dankori, a ƙasar Tasawa. Binciken da gwamnati ta buɗe ya tara rahotanni da wasiƙu da bayanan shaidu, waɗanda ake ajiye da su a ma'ajiyar takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence, daga baya kuma Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin, ya buga littafinsa a 1930. Wanda ya buɗe waɗannan takardu yana neman Sarauniya zai same ta cikin 'yan layuka kaɗan, an kira ta tsohuwar matsafiya, an lissafa sojoji 4 da suka mutu da 6 da suka ji rauni, mutanen garin kuwa ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikin matattunsu ba. Dole ne a karanta irin wannan takarda ana tuna wanda ya rubuta ta da abin da yake son ɓoyewa, domin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta ja iyaka ta kwarin Dallol Mawri, ta kewaye Sakkwato da nisan mil 100, ta yadda Birnin Ƙonni, wadda rundunar ta ƙone a watan Mayu, tana ɓangaren Ingila a lokacin.

Bayan 'yancin kan Nijar a 1960 aka koma ga tarihin baka, wato abin da tsofaffi da maroƙa da masu riƙe da sarautun gargajiya suka gada daga magabata. Marc-Henri Piault ya buga littafinsa kan tarihin Mawri, wato mutanen Arewa, a 1970, inda ya bayyana yadda iko ya rabu gida biyu a Arewa: Gubawa masu ƙasa da tsafi, irin su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, da kuma Arawa masu sarauta. A Yamai, cibiyar binciken IRSH da cibiyar tarihin baka ta CELHTO sun yi ta aika masu naɗar murya ƙauyuka, kuma Boubé Gado na cikin waɗanda suka tattara zantukan Lugu. Daga wannan aiki ne ya fito fili cewa Sarauniya sunan kujera ne da mata suka yi ta gada, kafin Mangu da bayanta, don haka idan dattijo ya ce Sarauniya ta yi kaza, tambayar farko ita ce wacce daga cikinsu.

Sai kuma adabi ya shigo. Abdoulaye Mamani ya buga ƙagaggen labarinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987, sunan ya bazu a littattafan makaranta da gidajen rediyo. Alherin wannan ba ƙarami ba ne, domin ya maido wa mutanen Arewa martabar da takardun Faransa suka hana su, amma ya haifar da matsalar da mai bincike Elara Bertho ta yi nazari a kai: labarin littafi ya koma ƙauye ya gauraya da na kaka da kakanni. Mai bincike da ya zauna kan tabarma a gaban dattijo a yau, bayan ya gaishe shi ya ajiye goro, wajibi ne ya tambaya da ladabi, "Baba, wannan zance a bakin wa kuka ji shi?" Amsar da ta kai ga kakar da ta ɓuya cikin kurmi a ranar yaƙin tana da nauyin da amsar da ta tsaya a rediyo ba ta da shi, ko da kalmomin iri ɗaya ne.

Wannan ne ya sa tsofaffin fayafayan da aka naɗa kafin 1980 suka fi daraja a wannan bincike, kuma abin takaici ne yadda zafi da ƙura ke cin irinsu a inda ba a kwafe su zuwa kwamfuta ba. Haka nan bai kamata a tsaya ga bakin Lugu kaɗai ba, sai an ji abin da ake faɗa a Matankari da Bagaji da gidan Samna na Tibiri, tun da kowane gida yana tuna zuwan Nasara ne gwargwadon abin da ya samu ko ya rasa a lokacin, sannan a ɗora waɗannan zantuka kan ranakun da hafsoshin suka rubuta, zango bayan zango, daga bakin kogin Kwara har Ƙonni.