Yadda ɗan tsako ke gina ƙashinsa daga ɓawon ƙwai

Da zarar damina ta kankama, zabbi sukan fara saka ƙwai a Giyawa da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Rabah. Da yake ba a cika dogara da zabuwa wajen kwanci ba, matan gida kan tara ƙwan su sa wa kaza. Ƙwan kaza na ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabo kuwa sai ya kai 26 zuwa 28. A wannan ɗan lokaci halittar da ba ta da ƙashi ko ɗaya take fitowa da ƙafafu, haƙarƙari da bakin da zai fasa ɓawo, alhali ba abincin da ya shiga ƙwan daga waje. To daga ina sinadarin kalsiyam, wanda shi ne tubalin ƙashi, yake fitowa?

Rumbu biyu a cikin ƙwai

Rumbu na farko gwaiduwa ce. A kwanaki 10 na farko ɗan tayin kaza na tsotsar kalsiyam daga cikinta ta wani tantani mai jijiyoyin jini da ya lulluɓe ta. Sai dai abin da ke cikin gwaiduwa kaɗan ne, ba zai isa ƙasusuwa su yi ƙwari ba.

Rumbu na biyu, kuma babba, shi ne ɓawon kansa. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawo haɗin kalsiyam ne irin na dutsen farar ƙasa, wato dangin dutsen da ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti. Ɓawon ƙwan kaza guda na ɗauke da kalsiyam kimanin giram 2, kuma daga nan ake samun kusan kashi 80 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin ɗan tsako ranar da ya fito.

Yadda ake jigilarsa

Tun daga kwana na 4 zuwa na 5 wani tantani na biyu ke fara toho daga jikin ɗan tayin. Kafin kwana na 12 ya shimfiɗu ya manne da ɓawo ta ciki. Aikinsa na farko numfashi ne, ta dubban ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawo. Aiki na biyu ya fi ban mamaki: wasu ƙwayoyin halittarsa na fitar da asid mai rauni wanda ke narkar da fuskar ɓawo ta ciki sannu a hankali, sai a tsallakar da narkakken kalsiyam zuwa jini, jini kuma ya kai shi ga ƙasusuwa. Jigilar na ƙaruwa har ta kai ƙololuwa a kwanakin ƙarshe na kwanci. Wani ɓangare ma ana mayar da shi cikin gwaiduwa a matsayin guzuri, domin ɗan tsako na janye ragowar gwaiduwar cikin cikinsa gab da fitowa.

Wannan aiki ba ya tafiya sai da bitamin D, wanda uwa ke zubawa a gwaiduwa. Idan ya yi ƙaranci, bakin ɗan tsako kan nakasa, ya mutu a cikin ƙwai. Masu bincike da suka raini ɗan tayi a kwano ba tare da ɓawo ba sun ga ƙasusuwansa sun kasa ƙwari. Zaizayar kuma na rage wa ɓawo ƙarfi, abin da ke sauƙaƙa fasa shi, musamman ƙwan zabo da aka sani da tauri.

Abin da ya shafi mai kiwo

Duk kalsiyam ɗin da ke ɓawo daga jikin uwa ya fito. Kaza na shafe kimanin sa'o'i 20 tana gina ɓawo guda, galibi da dare, kuma idan abinci ya gaza sai ta ci bashi daga ƙashinta. Mai saka ƙwai kullum na buƙatar kusan giram 4 a rana, gero da dawa da dusa kuwa ba su da shi sosai. Shi ya sa ake haɗa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ko garin ƙashi a abincin kaji. Kazar da ke yawo tana tsintar wani abu a ƙasa, tana kuma samun bitamin D daga rana, amma wadda aka tsare a akurki ta dogara kacokan ga abin da aka zuba mata.

Zafin bazara na Sakkwato ma yana da hannu. Kazar da ke haki tana fitar da iskar kabon fiye da kima, ɓawonta ya yi laushi. Haka nan ƙwan da ba a juya shi a farkon kwanci, tantaninsa ba ya shimfiɗuwa yadda ya kamata. Kaza na juyawa da bakinta, injin ƙyanƙyasa kuwa sai da wutar da ba ta yankewa.

Bara-gurbi na da dalilai da dama, daga rashin zakara zuwa sanyin kwanci, amma raunin ɓawo na cikinsu. Saboda haka duk shirin tallafi da ya raba wa mata da matasa kaji, akwai tambayar da ta dace a yi wa masu shi: da wane abinci za a ciyar da su, kuma nawa ne kuɗinsa a kasuwar Goronyo?